Dan Allah duka yana iya jawo wa mai ciki hawan jini? Ƙanwata ce

Maman Sadik:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka min, kaina ya kulle wallahi. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure nan cikin Kaduna, cikinta wata bakwai, na biyu kenan. Mijin nata akwai saurin hannu kuma abin ba yau ya fara ba, tun tana amarya ake fama, in ta yi yaji sai ya turo kawunsa da abokansa biko, Baba yace ta koma ta yi haƙuri haka kowa yake zaune. To satin da ya wuce sun samu saɓani kan kuɗin cefane ya kwaɗa mata mari a kunnen hagu, da tace zata tafi gida sai ya shaƙe ta ya haɗa ta da bango, tace sai da ta ga duhu, da ya sake ta ta faɗi cikin ya bugu da gefen gado.

Tun ranar kunnen yake mata ƙugi bata ji sosai da shi, muryarta ta dishe, ciwon kai baya sauka ko ta sha farasitamol, bacci kuwa sai dai ɓarawo. Shekaranjiya ta je awo akace jininta ya hau, 150 bisa 100, alhali a cikin fari ba a taɓa ce mata tana da hawan jini ba. Nas ɗin ta tambaye ta ko akwai abinda ke damunta a gida tace babu, wuyan kuma ta rufe da hijabi. Aka bata magani akace ta dawo bayan sati.

Umma tace laulayin ciki ne, uwar mijin tace iska ce a nemo rubutu da hayaƙi. Ni dai raina ya bani dukan ne. Da gaske duka da tashin hankali suna iya jawo hawan jini da irin ciwon kan nan, ko ni ce nake haɗa abinda bai haɗu ba? Kuma abin cikin fa, zai iya samun matsala tunda bata ga jini ba? In kuma da wanda ya san yadda zan ɓullo wa Baba ya gaya min, dan shi da an ce saki yanzu zai rufe ido ya fara faɗa.

Sista Ungozoma:

Wa alaikumus salam Maman Sadik. Ni ungozoma ce, a ɗakin haihuwa nake aiki. Kafin komai, yau ɗin nan ki ɗauke ta ku koma asibiti, kar ku jira satin nan. Mai ciki wata bakwai, jini 150 bisa 100, ga ciwon kan da baya jin magani, ko da ace ba wanda ya taɓa ta wannan kaɗai ya isa a kwantar da ita. Mu daga 140 bisa 90 muke cewa jinin mai ciki ya hau. Ku ce a gwada fitsarinta a ga ko akwai furotin a ciki, in akwai to hanyar jijjiga aka kama, kuma jijjiga tana tafiya da uwa da ɗa. In ta fara ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, ko fuska da hannu suka kumbura, ko ciwo ya soke ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko tsakar dare ne a nemo mota.

Maganar ko dukan ne ya jawo, bazan rantse miki cewa shi kaɗai ne ba, ciki da kansa yana zuwa da hawan jini har ga matan da ake lallaɓawa. Amma baki haɗa abinda bai haɗu ba. Wadda take kwana da tsoro ta tashi da tsoro jikinta baya hutawa, da ta ji ƙarar mashin ɗinsa a ƙofar gida gabanta ya faɗi, zuciya ta hau bugu, jijiyoyin jini su tsuke, abinci baya shiga bacci baya zuwa, in abu ya zama na kullum dole jiki ya nuna. Hukumar lafiya ta duniya ta fitar da rahoto a 2013, tace matan da mazansu ke cin zarafinsu haɗarin su haifi bakwaini ya ƙaru da kashi 41 cikin 100 a kan sauran mata, ciwon damuwa kuwa kusan ninki biyu. Mu da muke karɓar haihuwa ba sai an karanta mana ba, muna gani, jariri ɗan firit uwa ba jini.

Batun cikin da ya bugu, rashin ganin jini baya nufin lafiya lau. Mabiyiya tana iya ɓantarewa daga jikin mahaifa jinin ya taru a bayanta bai fito waje ba, sai dai ciki ya yi tauri ya ƙi sakewa, ga ciwo, motsin yaro ya ragu. Yawanci in buguwa ce ta jawo a awannin farko abin ke nunawa, tunda an kwana biyu da ɗan sauƙi, to amma shi hawan jinin ma da kansa yana jawo wannan ɓantarewar, kinga abu biyu sun haɗe mata. A yi sikanin, a saurari bugun zuciyar yaron. In jininta irin negatib ɗin nan ne ku faɗa wa likita dan akwai allurar da ake yi bayan ciki ya bugu.

Kunnen kuma mari yana fasa dodon kunne sosai, iskar da tafin hannu ya tura ciki ita ke yaga shi. Dan Allah kar a ɗiga mata man zaitun ko man tafarnuwa ko wani maganin kemis, kar ruwa ya shiga wajen wanka. Da yawa yana haɗewa da kansa cikin makonni in ba a dame shi ba, tunda kuna Kaduna ga asibitin kunne na ƙasa nan a garinku sai a duba mata.

Amma ni abinda ya fi tayar min da hankali a duk bayaninki shaƙar ce. Har ta ga duhu, jini ne ya daina isa ƙwaƙwalwa a lokacin. Dishewar muryar nan alama ce an ji wa maƙogwaro ciwo, kuma jijiyar wuya tana iya samun rauni daga ciki fata bata nuna komai ba, bayan kwanaki sai a ga ɓarin jiki ya shanye. Akwai binciken da aka yi a Amurka a 2008 da ya nuna macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙe ta haɗarin ya kashe ta nan gaba ya ninka fiye da sau bakwai. Shi yasa dole ta buɗe baki ta gaya wa likita gaskiya, ta cire hijabin ya ga wuyan. In tace mana babu komai to maganin hawan jini kawai zamu bata ta tafi, ba wanda zai duba wuya ko kunne. Ki shiga da ita, in ta kasa magana ke ki yi.

Uwar Gida:

Allah ya bata lafiya ya raba lafiya. Asibiti kam a kai ta ba musu. Amma Maman Sadik ki bi a hankali kar garin gyara ki kashe wa ƙanwarki aure, gobe ta zo tana ganin baƙinki. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Bamu ji ta bakin mijin ba, kuma mu mata mun san halinmu musamman in ciki ya tsufa baki baya shiru, ga rayuwa ta yi tsada maza suna cikin wani hali, a zo maganar cefane sai rai ya ɓaci. In ta fito da ɗa ɗaya a hannu ɗaya a ciki wa zai riƙe su, Baban naku da shi ma yake fama? Iyayenmu sun ga abinda ya fi haka suka zauna saboda mu. A kira shi a yi masa faɗa sosai, ita kuma ta dage da addu'a da tsayuwar dare ta rage mayar da magana.

Ummu Khairat:

Hajiya Uwar Gida da girmanki, wannan maganar taki ita aka yi ta min har na rasa kunne ɗaya. Yanzu haka in mutum ya zauna ta damana sai na juyo masa da hagu. Ni bana mayar da magana, kowa a dangi ya san ni da sanyi, har na koma in na ji sallamarsa sai in shige ɗaki in yi kamar ina sallah, duk da haka sai an samu dalili, miya ta yi gishiri, yaro ya yi kuka, na daɗe ban ɗaga waya ba. Wanda zai daka ba sai kin yi magana ba.

Abinda mutane basa ganewa kumburi da shatin bulala sune masu sauƙin, sati biyu sun baje. Na yi ɓari bayan ya shure ni, nace wa likita santsi ne ya kwashe ni a banɗaki. Sannan ga ciwon sanyi da baya ƙarewa, in sha magani in warke ya sake kwaso min daga waje, in nace mu je a duba mu tare ya zama abin duka, in nace bana jin daɗi yau ba ruwansa sai ya yi abinda ya kawo shi ko ɗinkin haihuwa bai warke ba. Cikina kullum zafi ana ta bani maganin ulsa. Daga baya na koma bana son wanka, bana son ganin mutane, in zauna in ta kuka ba dalili, in ɗora tukunya in manta har ta ƙone, akace aljanu ne aka yi ta ruƙiyya ana shaƙa min hayaƙi. Akwai daren da na zauna ina tunanin da na mutu da kowa ya huta, ina sallah ina azumi fa, ba rashin imani bane ciwo ne. Wata maƙociyarmu ce ta ja ni wajen likitan ƙwaƙwalwa yace ciwon damuwa ne, ya ɗora ni kan magani ana kuma zama da ni ana magana, a hankali na dawo mutum. Ku da kuke Kaduna ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ku bar jin kunyar wai za a ce na mahaukata ne, in kin ga ƙanwarki ta fara irin shirun nan ko tana cewa ta gaji da rayuwa kar ki ɗauka wasa kuma kar a bar ta ita kaɗai.

Zaman 'ya'ya kuma da ake cewa, ni saboda 'ya'yan na fito. Babban ɗana yana firamare yana fitsarin kwance, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya ruga bayan kujera, ran da na ga ya shaƙe ƙanwarsa yana faɗin irin kalaman ubansa ranar na san zaman ba dominsu nake ba. Bance zawarci da daɗi ba, na sha wuya, na yi wankau na sayar da awara kafin na samu na tsaya da ƙafata. Iyayen namu da suka zauna Allah ya saka musu, amma ki duba nawa ne a cikinsu suke kan maganin hawan jini tun basu tsufa ba.

Abu Ammar:

Assalamu alaikum, ni namiji ne ku yi haƙuri na shigo, maganar Baba ce ta sa. Dattawa irin su Baba suna ganin haƙurin nan addini ne, to da addinin za a je masa. Nana A'isha ta ce Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, yana cikin Sahihu Muslim. A nan ɗin dai, da Faɗimatu bintu Ƙais ta zo neman shawara kan masu neman aurenta ya ce mata shi Abu Jahm baya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usama. Wato saurin hannu aibi ne da ya isa a hana mutum mace tun farko. A Suratul Baƙara aya ta 231 Allah ya ce kar a riƙe su dan a cutar da su. Masu fakewa da aya ta 34 a Suratun Nisa'i su nuna mana malami ɗaya da ya halatta marin fuska, ko shaƙe wuya, ko haɗa mai ciki da bango, marin fuska hadisi ya hana shi ƙarara.

Kuma mu nan Malikiyya muke bi, a mazhabarmu in mace ta tabbatar wa alƙali ana cutar da ita yana da ikon raba auren saboda cutarwa ko mijin bai so ba, yana nan a Mukhtasar na Khalil. Wannan daban yake da hul'i, ba zata mayar da sadaki ba tunda ba ita ta yi laifi ba. Mata da yawa basu san haka ba sai a tsorata su da ina zaki samo kuɗinsa.

Shawarata 'yar uwa, kar ki fara da kalmar saki a gaban Baba, nan zaku rabu. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwarku, ku je da takardar asibiti, a ce masa 'yarka bata da lafiya likita yace rayuwarta da ta jikanka suna cikin haɗari, muna so ta zauna gida ta haihu a gabanka. Al'ada ma ta yarda da goyon ciki. Sauran magana a yi ta bayan ta sauka lafiya, wakili daga nan wakili daga can kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce. Mu maza kuma tsadar rayuwa ba hujja bace, wanda ya ɓata maka rai a kasuwa ai baka shaƙe shi.

Barista:

Bari in ƙara ta ɓangaren doka. Abinda ya daɗe yana ɗaure wa masu dukan mata gindi shi ne sashe na 55 na tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato final kod, wanda yace miji zai iya ladabtar da matarsa in dai bai yi mata mummunan rauni ba. Amma a 2015 shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP wadda ta mayar da dukan abokin aure laifi, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. A ƙarƙashinta kotu tana iya bada umarnin kariya, a hana shi zuwa inda take. Kuma ba ƙanwarki kaɗai bace, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan Najeriya da suka taɓa aure sun fuskanci duka ko tilastawa a shimfiɗa ko cin mutunci daga miji, fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu kuma basu taɓa neman taimako ba.

Ko baku da niyyar zuwa kotu yanzu ku tara shaida, kotun shari'a ma sai da ita. Ki ɗauki hoton wuyan da wayarki ba tata ba, likita ya rubuta a fayil abinda ya gani da abinda tace ya faru, in ya turo saƙon barazana ko na ban haƙuri kar a goge. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, kyauta suke duba mace su bata shawara su haɗa ta da masu taimako, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Na san wasu zasu kawo maganar Sarki Sanusi ta Disambar 2024 da yace yana gaya wa 'ya'yansa in miji ya mare su su rama. Na gane zafin da ya sa ya faɗa, shi da ya bi shari'o'in kotunan Kano ya ga matan da aka karya aka zubar wa haƙora. Amma mai ciki wata bakwai a ɗaki da wanda ya riga ya shaƙe ta, kar ta gwada. Kuma lokacin da mace take shirin tafiya shi ne ya fi haɗari, kin ga ai da tace zata tafi ne ya kai hannu wuyanta. Kar ta sake sanar da shi, kar ta koma kwasar kaya ita kaɗai, katin awo da katin banki da yaron kawai, sauran maza su je su ɗauko.

Maman Sadik:

Jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Sista mun je jiya da yamma, sun kwantar da ita, an samu furotin ɗin a fitsari, sun yi mata allura sun canza magani, yaron yana motsi bugun zuciyarsa lafiya alhamdulillah. Da ƙyar ta yarda ta cire hijabin, likitar da ta ga wuyan ta rubuta komai tace za a turo masu duba kunne da maƙogwaro. Malam Abu Ammar na bi ta wajen Baffanmu shi ya zo da Baba asibitin, Baba ya daɗe yana kallon wuyan bai ce komai ba, daga baya yace in an sallame ta gida zata wuce. Mijin ya zo da lemo da ayaba yana kuka yana rantsuwa sharrin shaiɗan ne bazai ƙara ba, ita kuma har ta fara cewa a bar shi ya shigo. Sista in jinin ya sauka shikenan ta fita haɗari ko da saura?

Sista Ungozoma:

Alhamdulillah da kuka je. Da saura, magani yana danne shi ne kawai, wannan nau'in baya rabuwa da mace sai ta haihu, wani lokacin ma sai an ciro yaron kafin lokacinsa in abin ya ƙi, ku shirya wa hakan ku kuma nemi masu bada jini tun yanzu. Haihuwa a asibiti dole, ba a gida ba. Bayan haihuwar ma jijjiga tana iya zuwa, a ci gaba da gwada jinin har ta yi arba'in, kuma ku gaya wa Umma banda kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa, suna wahalar da zuciyar mai hawan jini. Kukan mijin kuma kar ki yi mata faɗa dan ta tausaya masa, in kin matsa zata daina gaya miki abu, haka suke yi duk bayan duka kuma ita ma ta sani. Ki gaya wa nas ɗin da ke kan aiki kar a bar shi da ita su biyu a ɗakin, kuma ranar sallama ke da Baffa ku riga shi zuwa.